Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Malam Sukuru

Daga wani mazaunin Akurba, a Lafia, zuwa ga Malam Sukuru mai kan tauraro, wanda har zuwa hantsin yau yake zaune a kusurwar hagu ta tsohuwar wayata. Gaisuwa da fatan alheri, gwargwadon abin da ya rage mini na ladabi.

Bayan haka, ka sani cewa da asubahin nan, ina tsugune ina alwala cikin duhu domin an ɗauke wuta tun isha'i, wayar nan da yara ke kira rakani-kashi, wadda ta yi mini hidimar fitila da agogo da rediyo tun ba a haifi autana ba, ta sulale daga aljihu ta faɗa inda ruwan buta ya kwanta. Na ɓalle murfinta da farce, na cire batir da layi, kowannensu ya fito salin alin, kamar yadda ya dace da kayan zamanin da layi kaɗai yakan kai naira 20,000, wato bayan shigowar wayar GSM Najeriya a 2001. Abin da ya rage shi ne in kai ga injin, in goge shi da sifirit da tsohon buroshin haƙori, in shanya. A nan ne na tarar da kai da 'yan'uwanka kun tsare ƙofa.

To, Malam, wace irin halitta ce wannan? Sukurun rediyo yana da tsaga ɗaya, na fanka yana da biyu a gicciye, kowanne wuƙa tana buɗe shi. Kai kuwa, da yake a Amurka aka ƙago irinka a 1967 aka raɗa maka suna Torx, sai ka zo da kusurwa shida, ka kuma shar'anta cewa ba mai taɓa ka sai sukundireba mai lamba T6, alhali kuwa a gidan nan kaf, daga akwatin keken ɗinkin uwargida har jakar makanikin da ke haya a shagonmu, babu wanda ya taɓa jin labarinta. 'Yan'uwanka, Allah Ya saka musu, da suka ji tsinin almakashi sun sallama. Kai kaɗai ka kafe, har kanka ya lashe, tauraron nan naka ya zama rami. Da ka ga dama kuma, bayan na yi gumi sharkaf, sai ka juya da kanka, ka yi tsalle daga faifan da na tara ku, ka shige yashin tsakar gida.

Kai! Abu bai kai ƙwayar gero ba, amma ya tsayar da magidanci da 'ya'yansa a durƙushe har rana ta take! Mun tankaɗe yashi da rariya. Mun ɓaro maganaɗisun tsohuwar sifika mun ja shi lungu-lungu, ya kwaso allura biyu da ƙusar takalmi da baƙin garin ƙarfe, ban da kai. Kaza ta gifta tana tsattsaga, yanzu ita ma tana cikin waɗanda ake tuhuma.

Na san fuƙaha'u, kamar yadda ya zo a Risala, sun hukunta a yi cigiyar tsintuwa shekara guda, sai dai ban ga mai hankalin da zai tsaya ƙofar masallacin Juma'a yana cigiyarka ba. Yaron da ke gyaran waya a bakin titin Shendam, da na aika masa, cewa ya yi: "Baba, a bar shi mana, sauran ma sun isa su riƙe ta, ko a ɗaure da kyauro." Kyauro! Wayar da ta ga gwamnoni sun hau sun sauka! Ya ƙara da cewa in sayi ta shafa, wadda aka liƙe da gam, ba a buɗe ta sai an gasa ta da iska mai zafi. Wannan kuwa mas'ala ce ta wata wasiƙar.

Saboda haka na ba ka wa'adi zuwa la'asar. In ka bayyana, ka koma raminka babu tuhuma. In ka ƙi, gobe zan shiga kasuwar Lafia in sayi matacciyar waya irin tawa, in ciro wani in naɗa a gurbinka, kazar kuma a yanka ta ranar Juma'a a duba ƙundunta.

Wassalam.