Ɗabaƙun Masu Ɗaukar Hoton Furanni

Lokacin da Ibnul Haisam ya zauna a Alƙahira, kimanin shekara 1,000 da suka wuce, yana bayani a cikin littafinsa Kitabul Manaziri a kan yadda haske yake kutsawa ta 'yar ƙaramar huda har ya zana surar waje a bangon ɗaki mai duhu, ba na zaton ya taɓa kawowa a ransa cewa wata rana ilmin nan zai kai magidanci mai mata da 'ya'ya ga kwanciya rub da ciki a gindin tumfafiya, yana riƙe numfashi sabili da ɗigon raɓa. Amma ga shi ya kai, kuma ma'abota wannan sana'a, ko kuwa in ce wannan lalura, sun yawaita har sun kasu ɗabaƙa-ɗabaƙa.

Na farkonsu shi ne Mai Sammako, wanda da an sallame Asuba ba ya tsayawa lazimi, sai ya saɓi jaka ya nufi fadama, domin a wannan sa'a iska ba ta tashi ba, raɓa kuma ba ta bushe ba. Babban maƙiyinsa a duniya iska ce, saboda idan aka matso da idon kyamara dab da fure, abin da yake fita tangaram a hoton bai fi kaurin milimita ɗaya ko biyu ba, don haka kaɗawar ganye kaɗan ta isa ta rushe haƙurin rabin sa'a. Za ka same shi da gwiwar wando sharkaf da taɓo, ƙarangiya ta lulluɓe masa bakin riga, cinnaka yana cizo ba halin sosawa. Shehunsa shi ne Karl Blossfeldt na Jamus, wanda ya fitar da littafin hotunan tsirrai a 1928 da kyamarar da ya ƙera da hannunsa, mai ƙara girman abu har ninki 30. Sai dai almajirin ya manta cewa Shehun nasa tsinko tsiron yake yi ya kai ɗaki, inda iska ba ta da iko.

Akwai kuma Mai Kaya, wanda ya mallaki gilasai iri-iri da sanda mai ƙafa uku da fitilu, yana iya kwana yana sharhin farashinsu, alhali kuwa babu wanda ya taɓa ganin hoto ɗaya da ya ɗauka. Da damina yana tsoron ruwa, da hunturu yana tsoron ƙura.

Wanda ya fi ba ni tausayi shi ne Mai Tsantseni. Wannan bawan Allah ya karanta saɓanin malamai a kan suranta abu mai rai, ya kuma riski fatawar Abdullahi ɗan Abbas, Allah Ya yarda da shi, wadda ya ba wani mai zane cewa in ya zama dole, to, ya zana itatuwa da abin da ba shi da ruhi. Sai ya yi hamdala, ya ƙudurce a ransa cewa daga yau ba ya ɗaukar komai sai fure da ɓawon itace, don ya fita daga shubuha baki ɗaya. Sai ga shi ya daidaita furen bado a kududdufi, haske ya zauna yadda ake so, yatsa yana kan maɓalli, kwatsam ƙudan zuma ya sauka tsakiyar furen ya yi zamansa. Nan fa mas'ala ta tashi: ya danna ne, ko ya jira? In ya jira haske ya gushe. In ya kore shi da hula fure ya girgiza, wataƙila kuma a yi masa harbi a fatar ido. Galibi yakan danna, kana ya dawo gida yana istigfari, ya kuma adana hoton, domin shi ne mafi kyau a cikin duk abin da ya ɗauka.

Mai Algus shi babu ruwansa da sammako. Da hantsi yake fitowa da 'yar kwalbar feshi, ya yi wa ganye raɓar ƙarya, har wani ma yakan kama malam-buɗe-littafi ya sa a firiji don sanyi ya kashe masa jiki ya zauna lafiya. Wannan kam zalunci ne, ba na sa shi cikin raha.

Sai Masanin Latin, wanda zai gaya maka cewa ana kiran kuka Adansonia digitata ne don tunawa da Michel Adanson, Bafaranshen da ya sauka Senegal a 1749, amma bai san cewa farin furenta sai da almuru yake buɗewa, jemagu su yi hidimarsa cikin dare, ya fara yaushi kafin rana ta yi nisa ba. Da azahar yake zuwa, ya tarar an tashi biki. Shi ne dai wanda ya yi tattaki tsakiyar damina don ɗaukar ganyen gawo, wanda kowane ɗan kiwo ya san a lokacin ne yake kaɗe shi.

Mai Wayar Salula ba ya bukatar dogon bayani, tunda kowace Juma'a furensa yana iso maka ta WhatsApp, ɗauke da addu'a da rubutu mai ruwan zinari, har waya ta cika.

To, mai karatu, idan ka iske wani kwance a gonarka da duku-duku, kada ka yi gaggawar kiran 'yan banga. Duba hannunsa tukuna. In ka ga kyamara, ka yi masa sallama a hankali, kada ka tsaya ta gabashinsa ka tare masa haske, sa'an nan ka gargaɗe shi kada ya taɓa ido da hannun da ya karya tumfafiya.