Wai Baba Ya Ce A Ara Mai Yuƙa

Akwai wata cuta da wayar hannu ta shigo mana da ita ƙasar Sakkwato, kuma a ganina gara a yi maganinta tun babbar Sallah ba ta ƙarato ba. Mutum yana kishingiɗe a zaure bayan isha'i yana murza fuskar waya, sai ya ci karo da wani tsoho a Japan ya ɗora tumatir a kan katako, ya shafa masa wuƙa ko riƙe shi bai yi ba, falle ya zame siriri har ana hango haske ta cikinsa. Shi ke nan, gogan naka ya kamu. Ya leƙa madafa ya dubi wuƙar gidansa, wadda aka naɗe ƙotarta da tsohuwar robar keke, ya ji kamar shekara da shekaru ana ci masa mutunci bai sani ba. Kafin gari ya waye ya yanke shawarar yin odar ta Japan, kuma daga hannun maƙerin da kansa, don shi ya gaji da dillalai. Ni dai abin da nake faɗa shi ne, wuƙar za ta iso Boɗinga lafiya in Allah ya so, amma ba za ta ga Sallah biyu da bakinta a cike ba. Kuma ƙarfenta ba shi da laifin komai.

Gaskiya ɗaya ce, mutanen nan sun iya ƙira. Garin Sakai da ke kusa da Osaka ya yi suna tun ƙarni na 16, lokacin da Turawan Fotugal suka kai musu taba, maƙeran garin suka shiga ƙera wuƙaƙen yayyanka ganyenta har hukumar zamanin ta ba su hatimi na musamman. A 1876 gwamnati ta hana yawo da takobi, masu ƙera takubba da yawa suka koma ƙera kayan madafa, ka ga an ɗauko gwanintar yaƙi an kai ta kan albasa. Har gobe a Sakai wuƙa guda tana bi ta hannun mutum uku: mai ƙira daban, mai washi daban, mai saka ƙota daban. Ƙarfen da suka fi yabo ana kiransa farar takarda da shuɗiyar takarda, saboda launin takardar da masana'antar garin Yasugi ke liƙa masa don a bambanta. A ma'aunin taurin ƙarfe na Rockwell, wuƙaƙen Jamus sukan tsaya wajen 56 zuwa 58, na Japan kuwa sukan haura 60. Duk wanda ya ce ba su da kaifi bai taɓa riƙe su ba.

To amma kowace wuƙa ɗiyar abincin garinsu ce, kuma nan ne gogan namu bai yi bincike ba. A shekara ta 675 Sarki Tenmu ya hana cin naman shanu da dawaki da kaji da wasu dabbobi, Japanawa suka shafe kusan shekara 1,200 suna ƙyamar naman dabbar gida, sai a 1872 aka ba da labarin Sarki Meiji ya ci naman sa. A tsawon wannan lokaci kifi da ganye da shinkafa ne suka raini wuƙarsu. Doguwar nan da ake kira yanagiba an yi ta ne don a ja ta sau ɗaya a kan tsokar ɗanyen kifi. Usuba ta kayan lambu ce. Ita ma gyuto, wadda sunanta ke nufin wuƙar sa, kwaikwayon ta Turawa ce da ta zo daga baya, kuma naman da ta sani shi ne wanda aka riga aka zare wa ƙashi. Ƙarfe in ya yi tauri sosai ba ya lanƙwasa, ɓallewa yake yi, kamar bakin tangaran. Yanzu ka dubi teburin barunje a kasuwar Boɗinga ko ta Shagari. Nama a wurinmu da ƙashinsa yake zuwa, da guringuntsi da jijiya, mai saye ma har rigima yake yi in ba a jefa masa ƙashi mai ɓargo ba. Akuyar Sakkwato ja, wadda fatarta ta yi suna har Turai, ba ta taɓa yi wa kowa alkawarin cewa haƙarƙarinta zai yi laushin kifi ba.

Wahalar sayen kanta ba zan daɗe a kanta ba, don kowa ya san ta. Wuƙar ƙirar hannu ta kirki takan kai dala 200 ko fiye, kuma tun da aka saki naira a watan Yuni na 2023 har ta wuce 1,500 a kan dala ɗaya a farkon 2024, kuɗin ya zama kuɗin rago, ragon ma mai kyau. Wato za a sayi abin yanka da kuɗin abin da za a yanka. Japan tana gabanmu da awa 8, saƙon da ka tura bayan la'asar maƙerin yana barci, amsarsa kuma ta zo da Japananci, na'urar fassara ta mayar da ita abin da ko ita ba ta gane ba. Sai batun adireshi. Boɗinga gari ne da tarihi ya sani, nan Malam Abdullahi ɗan Fodiyo ya zauna lokacin da Shehu yake Sifawa kafin Shehun ya koma Sakkwato a 1815. Shagari kuma ta ba Nijeriya shugaban ƙasa a 1979. Amma fom ɗin kamfanin aike bai damu da wannan ba, lambar gida yake so da sunan titi, kuma babu gurbin da za ka rubuta "bayan masallacin Juma'a, a tambayi mai shayi". Ga kuɗin kwastan, ga harajin kashi 7.5. Cinikin biri a sama ke nan, birin ma yana wata nahiya.

Mu ɗauka duk an tsallake. Akwati ya iso, an kwance takarda mai laushi, ga wuƙa tana walƙiya da sunan maƙeri a sassaƙe a jikinta. Maigida ya miƙa wa uwargida yana jiran godiya. Abin da bai taɓa lura da shi ba, don ba ya shiga madafa sai in ya ji shiru, shi ne matanmu ba a kan katako suke yanka ba. A hannu ake riƙe kuɓewa da albasa, a dunƙule alayyafo a tafi, ana jawo wuƙa tana sauka a kan babban yatsa, ana hira, ana tsawata wa yaro, ido yana kan tukunya. Babban yatsa shi ne katakon, kuma ya yarda da aikin ne saboda akwai amana tsakaninsa da wuƙar gida: tana yanka kuɓewa, in ta iso fata ta tsaya. Wuƙar Sakai ba ta san da wannan yarjejeniya ba. Ranar farko za a nemi tsumma. Rana ta biyu Hajiya ta ce, "Alhaji, ɗauke abinka, wannan ai aska ce," ta koma ga tsohuwarta mai roba. Dakushewar da gogan namu ya raina ashe wani ɓangare ne na aikin.

Wannan duk mai sauƙi ne, don yatsa yana warkewa. Abin da ke kashe wuƙar shi ne aro. A Japan mai dafa abinci ba ya barin kowa ya taɓa wuƙarsa, shi ke wasa ta a kan duwatsun ruwa masu lamba, 1,000 sannan 6,000, ya goge ta, ya shafa mata mai. Wuƙar mutum ɗaya ce. A Boɗinga kuwa wuƙa ta unguwa ce, mai ita mai ajiya ne kawai, kamar turmi da tsani da babbar tukunyar suna. Labari ya riga ya bazu cewa Alhaji ya sayo wuƙar da ke aske gashin hannu, don shi da kansa ya yi ta gwadawa a majalisa har damtsensa ya koma kamar na jariri. Safiyar Sallah, ana saukowa daga idi, yaro ya tsaya a bakin zaure ya yi sallama: "Wai Baba ya ce a ara mai yuƙa." Baban nan shi ya yi maka walicci, ko shi ya riƙa maka gawar mahaifinka. Da wane baki za ka ce masa wuƙarka ba ta son ƙashi? Za ta tafi. Za ta yi yanka ɗaya mai kyau wanda liman ma zai yaba, tun da addini ya ce a wasa wuƙa a sauƙaƙa wa dabba. Daga nan ta shiga hannun mai fiɗa, ta wuce gida na biyu a raba haƙarƙari, a na uku wani ya ɗora ta a kan ƙashin cinya ya bi bayanta da taɓarya. Yaro ya buɗe gwangwanin tumatir da tsininta. A bar ta cikin ruwan wanke kayan ciki har magariba. Ta dawo da tsatsa da giɓi uku kamar bakin tsohuwa, tare da saƙo: "An gode, amma a gaya wa Alhaji an cuce shi, ba ta da ƙwari."

Na san abin da za a ce mini. Wani zai ce a ɓoye ta. To wanda ya kashe kuɗin rago a kan wuƙa don a sani ya saya, ɓoyewa ta rusa rabin cinikin, kuma ranar da aka gano sunansa ya zama marowacin da ke hana aron wuƙa, abin da ko jikokinsa sai an goranta musu. Wani zai ce a sayi deba, wuƙar Japan mai kauri. Deba ƙashin kifi ta sani, masu ƙera ta da kansu suna gargaɗin kada a sari ƙashin dabba da ita. Wani kuma zai ce ƙyashi ne ke damuna, ko kishin gida na banza, don wuƙaƙenmu ba sa riƙe kaifi. Wannan na yarda da rabinsa. Maƙerinmu da abin da ya samu yake aiki, yau sifirin mota, gobe wani ƙarfen da shi ma bai san asalinsa ba, kuma da ido yake auna zafi, shi ya sa wata wuƙar ta yi daidai wata ta yi laushi. Amma sifirin mota an yi shi ne don ya sha duka a kan hanyar Jega ya lanƙwasa ya dawo, kuma halin da wuƙar unguwa take bukata ke nan. Tana dakushewa da wuri, gaskiya ne, sai dai barunje ya goga ta a jikin 'yar'uwarta sau huɗu ta farfaɗo, ko uwargida ta karta ta a dutsen niƙa.

Abin da ya fi ba ni dariya shi ne alfaharin cewa daga hannun maƙeri aka saya kai tsaye, kamar wani sabon abu. Mu da wa muke saye tun fil azal? Daga Boɗinga zuwa Maƙera Assada a birnin Sakkwato tafiyar mota ce da ba ta kai awa guda ba. Ka zauna a kan kututture, yaro yana zuga, ka ce a ƙara tsawo, a rage ciki, kai bahago ne, a yi maka a gabanka. In ta karye ka dawo da ita ka ajiye a kan uwar maƙera, ku yi cacar baki, ya gyara, don ya san kawunka. Amfanin sanin maƙeri ke nan, ka samu wanda za ka koma wa. Maƙerin Sakai zai karɓi wuƙarsa ya gyara cikin ladabi, amma kuɗin kai ta da dawo da ita ya isa a sayi wuƙaƙen gida cike da kwando.

Saboda haka gogan namu ba zai mayar da ita Japan ba. Zai kai ta wurin mai injin washi a kasuwa, wanda bai taɓa ganin wuƙar da aka wasa ta gefe ɗaya kamar wannan ba, ya ɗauka mantuwa aka yi, ya wasa ɗaya gefen kyauta. Tartsatsi na tashi, bakin ƙarfe ya yi shuɗi don zafi, taurin da tsohon Sakai ya kwana yana nema ya bi iska. A ci giɓin nan uku, wuƙa ta rage faɗin yatsa biyu, hunturu kuma ya busar da ƙotar ta tsage, a nemo robar keke a naɗe. Hajiya ta ɗauka ta gwada a kan babban yatsanta, ta ga ta tsaya, ta ce, "Yauwa Alhaji, yanzu ta yi hankali."