Zuwa Ga Babban Alƙalin Fina-finai Na Rimin Gado

Gaisuwa mai tarin yawa, ba don ka cancanta ba, sai don haka aka yi mana tarbiyya a Zazzau: ko bawanka ne, in gari ya waye ka tambaye shi kwanan iyali. Ya uwargida? Ya yara? Ya ƙauye? To, ka fara kumbura. Na sani, Rimin Gado hedikwatar ƙaramar hukuma ce, kun faɗa mana har kunnenmu ya gaji. Amma garin da sai mutum ya miƙe titin Gwarzo, ya wuce sabuwar Jami'ar Bayero, ya bar Janguza a baya, sannan ya fara gaisawa da jakuna kafin ya ga mutane, ni dai ba zan kira shi birni ba, ko da Kanawa za su yi mini taron dangi.

Labari ya iso mana cewa tun da ka sayar da gyaɗa ka sa sola da satalayit, majalisar ƙofar gidanka ta tashi daga zancen farashin taki ta koma kotu. Kai ne alƙali, kai ne lauya, kai ne mai gabatar da ƙara, kuma rimot yana aljihun gaban rigarka inda mutanen kirki suke ajiye carbi. An ce daga Gulu har Karofin Yashi babu wanda bai san hukuncinka a kan kowane fim mai dogon zango ba, har da waɗanda ba su tambaye ka ba. Wannan daraktan ya iya, wancan ya koma noma, wance ba ta iya kuka ba. Madalla da Malam Alƙali. Mutumin da bai taɓa riƙe kyamara ba, hoton ɗaurin aurensa ma rabin kansa ne ya fito.

Duk wannan ban damu ba, kowa da abin da yake rage dare da shi. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne maganar nan da kake yawan yi kana shafa gemu: wai kai ba kallo kake ba, darasi kake ɗauka, kuma wai kiɗa da waƙar da ake sawa a ciki ba su dame ka ba, na mata da yara ne. Kai, Bakano! Ka ji tsoron Allah. Kifi na ganinka, mai jar koma.

Mu fara da Labarina. Tun da Aminu Saira ya fito da shi a 2020, wa ya fi ka haddace waƙoƙin da Naziru Sarkin Waƙa ya yi a ciki? Maƙwabcin gonarka ya rantse cewa da damina, lokacin maimai, daga bakin hanya ake jiyo ka kana rera su da wannan muryar taka da ke korar tsuntsaye, har ka shagala ka sare gero ka bar ciyawa tana yi maka godiya. Da Nafisa Abdullahi ta bar shirin aka kawo wata ta zama Sumayya, ka tara jama'a ka yi rantsuwa cewa kai da Labarina har abada, an ci amanar masu kallo. Daren Juma'a na zagayowa, kana zaure kana cika kana batsewa, sai kiɗan buɗe shirin ya taso daga tsakar gida. Aka ga Malam Alƙali ya miƙe wai zai duba ko an ɗaure tumaki. Ba a sake ganinka ba sai da aka rubuta sunayen 'yan wasa a ƙarshe. Tumakin kuwa a waje suka kwana.

Kada ka tsargi yara, uwargida ce ta ba ni labari, kuma mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Ita ce ta gaya mini yadda kake yi in an zo wurin tausayi. An kori yarinya daga gidan miji, ta zauna a bakin gado ta zuba tagumi, sai fiyano ya fara ɗiga a hankali, wata murya tana shiga tana fita a bayansa. Nan take sai ka fara gyaran murya, ka ciro hula ka mayar, ka kama haɓar riga kana goge fuska, kana faɗa wa yara wai hayaƙin maganin sauro ne. Ranar ko maganin sauron ba a kunna ba.

Amma wanda ya fi ba ni dariya, har na kusa faɗowa daga kujera, shi ne daren da autanka ya zauna a kan rimot sauti ya ɗauke ana tsakiyar irin wannan wurin. Hoto na tafiya, kiɗa babu. Me ya rage? Mace zaune tana kallon bango. Ta kalli bango, ta kalli silin, ta sake kallon bango. Hawayenka suka ƙafe nan take, ka gyara zama ka ce, "Wai ita wannan me take jira ne? Ta tashi ta ɗora girki mana!" Aka lalubo rimot aka mayar da sauti, fiyano ya dawo, kai ma ka koma neman haɓar riga. To Malam, ina darasin? Ashe duk hukuncin da kake yankewa a majalisa wani yaro ne a situdiyo yake rubuta maka shi da yatsu goma. Ya danna nan ka yi kuka, ya danna can ka tsani mutum, kana biye da shi kamar akuyar da aka nuna wa kwanon dusa.

Ba kai kaɗai ba ne, kada ka ji kunya da yawa, duk ƙasar Hausa haka muke, har da mu masu ilimi na Zariya. Abin yana da asali. Iyayenmu sun sha kallon fina-finan Indiya a silimun Kano irin su Plaza da Orion da Eldorado, kunne ya saba da cewa soyayya ba ta cika sai da waƙa. Da aka fara fim ɗin Hausa na kaset, daga Turmin Danya a 1990, ba a daɗe ba waƙa ta samu wurin zama, Sangaya kuma ya zo a wajen 2000 ya nuna wa 'yan kasuwa cewa waƙar fiyano ita ce ke sayar da fim. Shekara da shekaru ana haka, saurayi da budurwa suna zagaya bishiya suna canza kaya. Da Arewa24 ta buɗe a 2014 ta zo da Daɗin Kowa, daga baya kuma masu shirya fim suka koma YouTube da dogon zango, sai aka rage rawar. Kai kuma ka hau kujerar alƙalanci kana cewa alhamdulillahi fim ya shiryu, an kori waƙa. Wa ya gaya maka an kore ta? Rawar aka sallama. Waƙar tana nan daram, ta koma bayan magana ta laɓe, kuma yanzu ta fi ƙarfi, don da kana ganin zuwanta ka tura kaset gaba, yanzu kuwa ba ka sanin lokacin da ta shige ka.

In ka lura, kusan kiɗa uku ne ake juya ku da shi. Akwai na tausayi, wanda ya gama da kai. Akwai na mugu, mai kauri, wanda tun mutum bai buɗe baki ba ka riga ka ce wannan Alhajin ba zai gama da duniya lafiya ba. Akwai na masoya, wanda in ya taso kake satar kallon uwargida, ita kuma ta ci gaba da tsince shinkafarta. Shi ke nan jarin. Da shi ake kai ku zango bayan zango.

Sai kuma ɗaya fuskar taka, ta dattijon ƙarya. In an taɓo zancen da, ka ce ai wasan kwaikwayo ya mutu tun zamanin Samanja da Karkuzu da Kuliya. Gaskiya ne an yi gwanaye. Sai dai ina tambaya: a wace talabijin ka gan su? Lokacin da ake nuna su, kai kana bin awaki a bayan gari da wando mai ido biyu a baya, labari kake ji wurin waɗanda suka je birni cin rani. Kuma tunda ka tsokano, marigayi Ƙasimu Yero, gwanin wasan kwaikwayo, ɗan Zariya ne, namu ne, Samanja kuma daga Kaduna aka riƙa watso muku shi kuna buɗe baki. Mu muka koya muku, kuka ɗauka kuka mayar da shi kasuwa, don Bakano ko gaisuwa ya samu sai ya nemi inda zai sayar. To, na ba ku wannan: kun iya kasuwar. Masana'antar a Kano take, ba zan yi musu ba, kada ka kai ni ƙara.

Kwana Casa'in kuwa, tun da ya fara a 2019 ka zama ɗan siyasar Alfawa, wadda a cikin shirin kawai take. An ce har ka taɓa tambayar wani direba a Kabuga ko nawa ne kuɗin mota zuwa can. Ka zagi Gwamna Bawa Maikada zagin da ba ka taɓa yi wa kansilan mazaɓarka ba, alhali Sani Mu'azu da ya fito a matsayinsa yana can yana shan shayinsa, bai san kana yi ba. A Daɗin Kowa kullum kana bayan Kamaye a rigimarsa da Adama, kuma duk mun san dalili, ciwon ɗaya ne, na kuɗin cefane. A Izzar So kana yi wa matasa wa'azi su yi koyi da haƙurin Umar Hashim, su guji izzar Hajiya Nafisa, washegari a gan ka a gona kana kumfar baki a kan an ci maka kunya ɗaya ta iyaka. Fassarar Indiya ta Algaita kuma ka ce ta mata ce, amma in mai fassara ya saki wata baƙar magana, dariyarka ce ke fara tashin kaji.

Ban manta da watan Mayun 2025 ba, lokacin da Hukumar Tace Fina-finai ta Jihar Kano, ƙarƙashin Abba El-Mustapha, ta dakatar da shirye-shirye 22, ciki har da Labarina da Daɗin Kowa da Manyan Mata da Gidan Sarauta, a kan ba a kai mata su ta duba kafin a sake su ba. Da rana ka tsaya a majalisa ka ce daidai ke nan, dama tarbiyya ta lalace. Da magariba aka ga yaronka a shagon mai caji da memori a hannu, wai Baba ya ce a tura masa duk na baya kafin su ɓace. Tabarmar kunya dai da hauka ake naɗe ta.

Yanzu bari in faɗi abin da zai sa ka kwana kana murmushi, ko da yake raina ba ya so. Akwai magana ɗaya da ka yi wadda na yarda da ita ɗari bisa ɗari. Ka ce kiɗan yana yin yawa, yana danne magana, har sai mutum ya kasa kunne kafin ya ji abin da tsohuwa take faɗa wa jikarta. Haka ne. Hausa harshe ne da daɗinsa yake a bakin mai magana, a karin magana da habaici da gatse da shirun da ake yi kafin a ba da amsa. In ɗan wasa irin Rabi'u Rikadawa yana magana, me fiyano zai ƙara masa? A bar mu mu ji shi. Wani lokacin ma ina zargin inda labari ya yi rauni ne ake ƙara sautin, don kada mu farga babu komai a wurin.

Ka kuma tambaya, ina kayan kiɗanmu? Nan ma ka yi gaskiya, abin mamaki. Za a nuna ƙauye irin naku, da rumbu da turmi da kara a jingine, amma abin da ke tashi a baya sautin kwamfuta ne da ba shi da dangi a garin. Ina garaya? Ina kukuma da goge da sarewar makiyayi? Ina gangar noma da ake yi wa 'yan gayya, wadda ke sa ƙato ya manta da ciwon baya? Sai an zo fada ne ake tunawa da algaita da kakaki, su ma na ɗan lokaci. Ga makaɗa nan birjik a karkarar Kano, da yawansu sai kaka ta yi ko an samu biki suke ganin kuɗi, masu shirya fim kuma suna birni, tafiyar da ba ta kai awa guda ba. A ɗauko su mana, a biya su, a naɗi abin da hannunsu ya iya. Kalangu yana magana, kowa ya sani, zai iya yi wa mugun Alhaji habaici fiye da duk wani gurnanin inji.

Kada kanka ya kumbura. Agogon da ya tsaya ma yana faɗin gaskiya wani lokacin, kuma ina kyautata zaton daga bakin uwargida ka tsinci maganar, ka kai majalisa ka ce taka ce. Kuma na san ko gobe aka sa garaya a wurin tausayi, kukan da za ka yi sai ya fi na fiyano, sai dai ka canza ƙarya ka ce tuna marigayi kakanka ka yi.

Ka rubuto amsa in kana da ita, in rubutun ya gagara ka sa autan ya taya ka, tunda shi ya tona maka asiri. Sannan kuɗin sharata na bara da na bana suna wuyanka. Kaka ta kusa, ka auno gyaɗa da wake ka ba direba ya kawo mini Zariya, don ni ba na karɓar alkawarin Bakano. Ka gaishe mini da uwargida da kyau, ka ce Allah Ya ƙara mata haƙuri.