Cigiya a Gidan Zu

Ɗana na fari sunan mahaifina ya ci, kunya biyu ke nan ta haɗu a kan yaro ɗaya. Ɗan fari dama ba a kama sunansa, sunan uba kuwa ko a mafarki bakina ba zai iya ba. Tun ranar suna mutanen gida suka laƙaba masa Abba, da shi ya tashi. Uwarsa ko Abban ba ta faɗa, daga "kai" sai "wannan yaron". Hajiya, mahaifiyata, maigida take ce masa, yana sa ƙafa a ɗakinta za ta fara binsa kuɗin cefane. Mai bi masa ita ce Ummi, mai sunan surukata, shekararta 4 amma bakinta ya girme ta. Sai ƙaraminsu da muke ce wa Auta, duk da Hajiya ta sha ja mana kunne mu daina yi wa Allah shisshigi.

Washegarin Ƙaramar Sallah maman yara ta dubi tulin wanke-wanke, ta dube ni, ta ce, "Malam, wata guda ina bakin murhu. Yau ka kwashe su ku tafi gidan zu, ko na huta da kunnena." Na ce wannan ai ƙaramin abu ne, mutumin da ke riƙe aji guda na 'yan sakandare yara uku ba za su gagare shi ba. Ba ta ce uffan ba. Ta haɗa mini jaka: ruwa, cincin, da wandunan Auta guda biyu. Na tambaya wando biyu na mene ne, ai ba kwana za mu yi ba. Nan ma ba ta tanka ba.

Muna shiga adaidaita sahu Ummi ta leƙa fuskar direba ta tambaye shi me ya sa haƙoransa ja. Na shiga ba shi haƙuri, shi kuwa ya yi dariya har ya kusa hawa kan mai lemo, ya ce yarinya ta yi gaskiya, goro ne. Kafin mu kai bakin ƙofa Auta ya sallami wando na farko, kuma a kan farar shaddata ta Sallah ya yi wannan hidima.

A layin tikiti na ga dama ta samu in ɗan ba da darasi. Na gaya musu gidan nan sunan Audu Baƙo yake ɗauke da shi, kwamishinan 'yan sandan da ya yi gwamnan Kano daga 1967 zuwa 1975, wanda a zamaninsa aka gina madatsar ruwa ta Tiga. Abba ya saurara da kyau, sannan ya tambaya ko Audu Baƙo sunan zakin ne. Wani matashi a bayanmu ya sa baki, ya ce shi goggon birin nan ya zo gani, wanda aka ce a 2019 ya haɗiye naira miliyan 6.8 na kuɗin shigar Sallah, har gwamnan lokacin ya fito ya ce babu ma goggon biri a gidan. Abba ya dafe aljihunsa, inda barka da Sallarsa take, bai sake shi ba har muka shiga.

Wanda bai taɓa kai ƙananan yara kallon namun daji ba, bari in rage masa hanya. Za ka biya kuɗi, ka kutsa cikin jama'a, ka ɗaga yaro sama har kafaɗarka ta yi tsami don ya ga zaki. Zakin na barci, ya juya muku baya. Kana sauke yaron sai ya hango jan gwada a kan katanga yana gyaɗa kai, irin wanda muke da shi kyauta a bayan gida, nan za a tsaya. Su ukun suka tsuguna suna gyaɗa masa kai, yana gyaɗa musu, suna ƙyaƙyata dariya har Auta ya faɗi zaune. Na buɗe baki zan ce a tashi, sai na ga babu inda muke sauri. Na tsuguna ni ma.

A gaban kejin kura Ummi ta yi sallama, ta gaishe ta da Sallah, ta tambaye ta ina Gizo. Da ba a amsa ba ta juyo da fushi ta ce wannan ba kurar tatsuniyar Hajiya ba ce, waccan tana magana. Ta sa mu zagaya neman kejin Ƙoƙi. Auta kuwa ya riga ya kammala nasa ilimin dabbobin: jimina "mee", kada "mee", wani Alhaji mai babbar riga da ya gifta shi ma "mee".

A kusa da birai wando na biyu ya zo da nasa uzurin. Na sunkuya ina fama da maɓalli, Ummi na riƙe mini jaka tana ba ni umarni yadda Umma take yi. Na ɗago. Babu Abba.

Abin da ya fara faɗo mini shi ne zakin da ya kuɓuce daga kejinsa a gidan nan a watan Oktoba na 2019, aka same shi a wurin awaki ya yi musu ɓarna. Na san an daɗe da mayar da shi, na kuma gan shi da idona yana barci, amma zuciyar uba ba ta jin hujja. Na saɓa Auta, na ja hannun Ummi, na cika baki na ƙwala kira: "Abba!"

Yara sun fi goma suka waiwayo, kowanne da sabuwar hula. Na sake ƙwalawa. Wasu samari daga ƙarƙashin bishiya suka ɗaga hannu suka amsa mini da ƙarfi da kirarin siyasa: "Gida-gida!" Wani har ya zo ya ba ni hannu. A Kanon yau, in ɗanka Abba ne, kada ka yarda ya ɓace maka a taro.

Aka nuna mini wani mai lasifikar hannu a wajen ƙofa, wanda ke cigiyar yara. Mutumin kirki ne, muryarsa har ta dushe. Ya ce, "Malam, Abba nawa kake zaton akwai a cikin nan yau? Ba ni sunansa na yanka."

Na buɗe baki, na rufe.

"Malam, ɗanka ne kuwa?"

Na ce ɗana ne, na fari, kuma mai sunan mahaifina. Ya ce Allah sarki, ya juya ga Ummi: "'Yan mata, yaya sunan yayanki?" Ta dube shi da mamakin rashin saninsa ta ce, "Sunansa Yaya."

Kiran maman yara bai taso ba. Ita ma ba za ta faɗa ba, kuma za ta tambayi dalili. Sai na kira Hajiya na ce ga wani bawan Allah, don Allah ta gaya masa sunan maigidanta. Ta ce tun ranar da aka kai ta ɗakin marigayi ba ta taɓa kama sunan nan ba, ba kuma a waya da baƙon namiji za ta fara ba. Ta yi shiru kaɗan, sannan ta ce, "Kai, me ya sami yaron?" Na ce Hajiya layin ba kyau.

Mai lasifika ne ya kawo mafita, ya ce rubutu ai ba faɗa ba ne. Na juya bayan tikiti na rubuta, hannuna na rawa. Mai karatu kada ya sa rai, larura ce ta sa, kuma ta wuce. Nan take sunan mahaifina ya karaɗe gidan zu, ana cewa ya zo bakin ƙofa babansa na nemansa. Jim kaɗan sai ga wani dattijo da sanda da jikoki a bayansa, ya ce ga shi, amma a bincika da kyau, don shi dai babansa ya rasu tun Sardauna na da rai. Nawa yaron bai zo ba. Daga baya ya bayyana mini cewa ya ji, amma wannan sunan makaranta ne, kuma ana hutu.

Ina tsaye gumi na bin ƙeyata sai kiɗan da ke tashi daga wajen lilo ya tsaya cak. Wata murya ta fito ta manyan lasifikoki: "Jama'a, a saurara. Ana cigiyar wani uba." Sai na ji muryar da ko cikin dubu zan gane, ba kuka, ba rawar murya. Ya faɗi cikakken sunana tiryan-tiryan, shi ba ruwansa da kunyar kowa.

"Yaya kamanninsa?"

"Dogo ne, yana da tumbi. Auta ya yi masa fitsari a riga. In yana barci yana gurnani kamar zaki."

"To, mene ne aikinsa?"

"Jiran albashi."

Tsakanin ƙofa da wurin lilo ba nisa, amma ban taɓa yin tafiya mai tsawonta ba. Jama'a na dare mini hanya, ana duban rigata ana gyaɗa kai. Wasu ɗalibaina biyu suka rusuna suka ce, "Malam, barka da Sallah. Ashe an gan ka."

Na same shi a kan tabarmar wasu mata da miji, da cinyar kaza a hannu, maiƙo har kunne. Matar ce ta gan shi yana bin mai balan-balan, ta tambaye shi, ya ce babansa ne ya ɓata. Na yi ta godiya har kalmomi suka ƙare mini. Ta ce ba komai, su Allah bai ba su ba tukuna, yaran maƙwabta suke kwasowa duk Sallah. Tana goge wa Abba baki da gefen mayafinta ta ce, "Malam, ranar da suka ishe ka, ka kawo mini aro." Tana dariya ta faɗa, mijin kuma ya sunkuyar da kai yana gyara tabarma.

Duk faɗan da na tanado ya bi iska. An ce uba ba ya nuna ɗan fari a gaban mutane. Na ɗauke shi cak, ga Auta a ɗaya kafaɗar, Ummi ta riƙe gefen riga, kan Abba na warin ƙura da man kaza, ina ta alhamdu lillahi a fili kowa na ji. Ya bari na gama, sannan ya ce, "Baba, ba na ce ka riƙe hannuna ba?"

A hanya na saya wa kowa yogot bisa yarjejeniyar cewa abin da ya faru a gidan zu ya tsaya a gidan zu. Ummi ta shanye nata tas. Tun daga soro ta fara: "Umma! Baba ya ɓata, Yaya ya samo shi!" Asarar kuɗin yogot kawai na yi, domin wata maƙwabciya ta riga ta turo wa maman yara bidiyon ta WhatsApp, Hajiya kuma ta hau adaidaita ta iso tun bayan wayata, tana zaune a tsakar gida da carbi.

Har gobe ina kan bakana cewa ni ban ɓata ba, ina nan inda aka bar ni. Ba wanda ya nemi jin ta bakina. Hajiya ta kwance bakin zani ta ciro naira 200 ta miƙa wa Abba, ta ce, "Ungo, maigida, tukuicin tsintuwa." Ta juyo gare ni ta ce abin da aka tsinto babba ne, in cika masa ya zama 500.