Ban-ruwa Ba Wankan Gona Ba Ne

Ka ce Falgore? Dajin nan na hanyar Jos? Haba malam, ka sauka a tashar da ba taka ba. Tawa Falgoren tana ƙasar Rogo, maƙwabtan Ƙaraye. Kuma kada ka ce rogo kaɗai suke nomawa, wannan barkwancin ya girmi kakarka.

Ka ce ai mutanen nan sun huta, ga dam ɗin Challawa a Ƙaraye tun 1992, ruwa sai wanda ya ƙi? Sannu da ƙoƙari! Yaushe ka ga ruwa ya hau tudu don yana jin kunyar manomi? A Kadawa da Kura ne ruwan Tiga yake gangarowa ta magudana da ƙafarsa. Mai lambu a bakin rafi ko fadama kuwa, dole ya ɗago nasa. Kakanninsa da jigo suka yi: sanda, dutse a gindi, guga a baki, sai ciwon baya da dare.

Ka yi dariya, na ji ka. Wai jigo a zamanin inji! Gaskiyarka, tun da hukumar raya noma ta KNARDA da shirin Fadama suka baza ƙananan injina da rijiyoyin burtsatse, jigo ya yi ritaya ba fansho. Amma shi bai taɓa neman fetur ba. Injin naka fa? Tun ranar 29 ga Mayun 2023 da aka cire tallafin mai, shi ne babban ɗa a gidan: sai ya sha kafin kowa ya ci. Shi ya sa wasu suka mayar da nasu na gas, masu hali suka koma sola.

Ka ce to a tayar da injin, a sake tiyo, gona ta cika fal, magana ta ƙare? Subhanallahi! Tumatir ne ko kifi? Saiwa ma numfashi take yi. Ka jiƙa fangali ya kwana da ruwa, albasa ta ruɓe, takin da ka saya da tsada ya bi ruwa ya tafi gaida gonar maƙwabci. Ga ka da ban-ruwan tsakar rana, rabi na shuka, rabi sadaka ga sama. Gwani da sassafe ko yamma yake yi, ya buɗe wa fangali da fartanya, ya toshe, ya wuce na gaba.

Ban-ruwan ɗigo kuma ka ce wasan 'yan boko ne? Siririn tiyo ne mai huji, yana ɗiga wa kowace shuka a gindinta, ciyawa na gefe tana hamma. Yana da tsada, kuma ruwan laka na toshe shi in babu matata. Nan kam na ba ka rabin gaskiya, kada ka saba.

Rani mai zuwa ka zo Falgore da sassafe, ka naɗe wando, a ba ka fartanya. In ka shayar da fangali goma ba ka fasa ko ɗaya ba, rakenka a kaina.