Walimar Haɗin Kai da Kuɗin Baki

A Magajin Gari, cikin Birnin Gwari, duk ƙungiyar taimakon al'umma da ta shirya walimar tara kuɗi ba ta wahalar neman baƙi. Bahaushe zai zo da tuwon masara, Bagwari da doya, Bafulatani da fura da nono, Bakamuke kuwa ya tuna wa kowa cewa gandun dajin da aka mayar na ƙasa a 1999 sunan kakanninsa yake ɗauke da shi. Nan take zumunci ya kankama. Bafulatani ya tsokani Babarbare, Bagobiri ya ce Bayarabe bawansa ne, a yi dariya, a ƙara miya.

Ba a nan gizo yake saƙa ba. Da mai gabatarwa ya ce an zo wajen gidauniya, sai wayoyi su fara ƙara. Wannan ya fita amsa kira, wancan ya tuna bai yi Isha'i ba. Babban mai ƙaddamarwa, wanda ya aiko wakili, ya yi alkawarin miliyan biyu, a tafa har hannu ya yi zafi. Tun da Gwamna Uba Sani ya sake buɗe kasuwar shanu a Nuwamban 2024, ana sa ran dillalai su motsa aljihu, amma su ma cewa suke sai ranar kasuwa.

Washegari ma'aji ya lissafa: alkawari ya isa gina asibiti, tsabar kuɗi kuwa ba su biya hayar kujeru ba.