Jinjina ga Sarkin Kuɗin Aike

A ba ni wuri in yaba wa gwani. Maraɗi ta haifi manyan alhazai tun zamanin cinikin gyaɗa, mutanen da suka tara dukiya da awo da ƙirga da haƙurin jiran riba, amma duk cikinsu ba a yi kamar ɗan zamanin nan mai gwanjo a cikin waya ba. Su sai kaya sun karɓu suke ganin riba. Shi kuwa Allah ya buɗe masa ido ya gane ribar tana cikin kwali da leda da igiya da kuɗin mota, kayan kuwa ko a faɗuwa a sallama su. Ranka ya daɗe, Alhaji, sannu da basira.

Ku dubi yadda yake tafiyar da sana'arsa cikin tausayi. Bayan sallar isha'i sai ya ɗora hoton turmin atamfa ko takalman yara a Facebook da rukunin WhatsApp, ya ce bismillah, a taya. A ce wata baiwar Allah a Gangara ta taya jika 4. A kasuwa da albarka za a ce mata, amma Alhaji mutumin kirki ne, nan take ya rubuta ya sallama, har da addu'ar Allah ya sa a kashe lafiya. Ba ya ɓata mata farin ciki da zancen kuɗin aike a wannan dare. Yana bari ta kwana da murna, gari ya waye ta je ta tura kuɗin ta NITA ko Amana, ta nuna wa kishiya da maƙwabta hoton abin da ta samu da araha. Sai kuɗi sun shiga hannu, baki ya riga ya furta, sannan yake tuna mata a hankali cewa kaya ba su da ƙafa. Ina mai ladabi irin wannan?

Daga nan lissafi yake farawa, kuma a lissafi ne ake gane malami. Akwai kuɗin kwali. Kwalin nan na taliya ne, yaronsa ya tsinto shi a bayan wani shago, amma da ya ratsa hannun Alhaji sai ya yi daraja ya zama na dala 100. Akwai kuɗin salatif da aka naɗe shi, akwai na leda, akwai na alƙalamin da aka rubuta suna da lambar waya. Akwai kuɗin kabu-kabu zuwa tasha, kuma a nan nake roƙon masu karatu su miƙe tsaye. Saƙo 10 ake ɗaurewa a bayan babur ɗaya, tafiya ɗaya, a biya ɗan kabu-kabu sau ɗaya, amma kowane ɗaya daga cikin masu saƙon 10 zai biya kuɗin tafiyar cif, don kada wani ya ji an raina shi an haɗa shi da wasu. Adalci ke nan. In mace ɗaya ta sayi abu uku a dare ɗaya, a kwali ɗaya za a zuba su, amma kuɗin aike uku za ta biya, saboda kowane kaya da mutuncinsa. Sai kuɗin ɗan dako, ko da ƙunshin bai fi a riƙe shi da yatsa biyu ba. Sai kuɗin direba. Sai kuɗin cirewa, wato ladan da shi Alhaji zai biya kafin ya karɓi kuɗinsa, shi ma mai saye ne zai ɗauka. Kafin a shafa fatiha, atamfar jika 4 ta haura jika 7, kuma babu wanda ya yi mata ƙarya ko ɗaya. Abin da ta taya shi aka sallama.

Masu hassada suna cewa ai Agye da Gazawa a bakin kwalta suke, kan babbar hanyar da ta tashi daga Maraɗi ta bi Caduwa ta nufi Tasawa da Damagaram, motoci na wucewa safe da yamma. Suna cewa Agye ba ta kai kilomita 100 daga Maraɗi ba, Gidan Rumji ta fi haka kusa, Tibiri kuwa kusan a bakin gari take, alhali Yamai ta haura kilomita 600. To sai me? Alhaji ba ya nuna bambanci tsakanin ƴan ƙasa. Kuɗin da na Yamai zai biya shi na Tibiri zai biya. Ko Ingila ta yi haka a 1840, lokacin da shawarar Rowland Hill ta karɓu aka mai da kuɗin wasiƙa ɗaya a duk faɗin ƙasar. Kuskurensu kawai shi ne sun daidaita ta ƙasa, suka mai da shi kwabo ɗaya don talaka ya iya aika wa ɗan'uwansa. Namu gwanin ya gyara musu, ya daidaita ta sama.

Kada a ɗauka dabarar ba ta da asali a duniya. A eBay, babbar kasuwar gwanjo ta intanet da Pierre Omidyar ya kafa a Amurka a 1995, da farko kamfanin yana yankar kasonsa ne daga kuɗin da aka sallama kaya, ba ya taɓa kuɗin aike. Sai masu wayo suka riƙa sa wa kaya farashin banza, su jibge ribar a kan kuɗin aike, mai saye ya ruɗu da araha, kamfani kuma ya tashi da ɗan abin da bai taka kara ya karya ba. A 2011 kamfanin ya fara yankar kasonsa daga jimillar kuɗin gaba ɗaya, har da na aike, wannan ƙofa ta rufe. Abin tausayi, can ba a san darajar mai fasaha ba. Mu a nan ba mai kamfani, ba mai duba rasit, ba wurin kai ƙara, kuma wanda ya yi ƙorafi a rukuni sai a cire shi don zaman lafiya.

Har ta fuskar addini Alhaji ya fi kakanninsa tsantseni. Dillalin dā yana karɓar la'adarsa a gaban mai saye da mai sayarwa, kowa ya san nawa ce, abin kunya, riba a fili kamar ba sirri. Mai awon hatsi kuma kullum yana cikin haɗari, domin tiya ana ganinta, in ya danne gindinta ko ya shafe bakinta za a kama shi, malamai su karanto masa Suratul Muɗaffifina da azabar masu tauye mudu. Alhaji ya nemo sana'ar da babu tiya a cikinta. Wa zai auna kuɗin salatif? Wa ya je tasha ya ji nawa direba ya karɓa? Abin da ba a auna ba, ta ina za a ce an tauye shi? Shi ya sa yake shiga sahun farko ranar Juma'a da zuciya fara tas.

A gefe guda akwai wata sakarya, ita ma tana gwanjo a waya, ban san wa ya koya mata kasuwanci ba. Tun kafin a taya take rubuta kuɗin kaya da kuɗin mota zuwa kowane gari, wai don mutum ya san abin da zai shiga. In ta kai saƙo tasha sai ta ɗauki hoton rasit ta tura. In saƙonni sun taru ta raba kuɗin babur a kansu. Kwalin da ta samu kyauta, kyauta take ba da shi, wanda ta saya kuma ta faɗi nawa ta saya. Rannan har canjin dala 40 ta mayar wa wani malamin makaranta a Cadakori, wai direba ya rage mata. Sakamakonta kuwa ga shi: da yake ribarta a jikin kaya take, farashinta ya fi na Alhaji tsada a ido, masu saye suna tsallake hotonta suna rububin nasa. Alhaji ya koya wa kasuwa cewa mai faɗin gaskiya shi ne mai tsada, kuma darasin ya shiga, don ƙanana masu tasowa duk hanyarsa suke bi.

Kuɗin da yake tarawa ma masu albarka ne, don da gumi aka same su. Na ayar da aka tona a ƙasar Agye ne, da riɗi da wake da aka kai kasuwa tiya-tiya. Na matar da ta kwana tana matsar mai tana toya ƙuli-ƙuli ne, wadda ta ɗauki rance a asusun Mata Masu Dubara, tsarin da aka fara a jihar nan ta Maraɗi a 1991 don mata su tsaya da ƙafarsu, za ta biya da ribar da take sa rai in ta sayar da atamfar. Jika 3 da aka ɗora mata ita ce ribar gaba ɗaya, har da wani abu daga uwar kuɗi. Wata matar kuma jar akuyarta ta sayar don kayan ɗakin ɗiya. Ba za ta iya fasawa ba, kuɗinta suna hannunsa. Ba za ta iya zuwa ta gan shi ba, ba ta san ƙofar gidansa ba, lambar waya kawai ta sani. Ba za ta gaya wa maigida ba, tana jin kunyar a ce an yi mata wayo. Alhaji ya san duk wannan, ya san wadda ta fi nisa da gari ita ce ta fi rashin mai tsaya mata, shi ya sa yake ba ta kulawa ta musamman.

In kuma saƙon ya iso a yage, ruwa ya taɓa atamfar saboda ledar da aka biya kuɗinta ba a sa ba, Alhaji ba ya fushi. Zai ce laifin yaran mota ne, Allah ya shirye su, ya ce a yi haƙuri a dawo da kayan a canza. Kuɗin dawowa na mai saye ne, kuɗin sake aikowa ma haka, da sabon kwali.

Babbar hidimarsa ga al'umma ita ce ta ƙarshe. Waya ta zo da alkawarin cewa mutumin Gazawa ko Saye Sabuwa zai sayi abin da yake so yana zaune a gida, ya huta da kuɗin mota da asarar wuni. Alhaji ya ga haɗarin da ke cikin wannan ga zumunci da motsa jiki, ya yi maganinsa. Yanzu wadda aka taɓa sallama wa atamfa da araha, in ta tashi sayen wata, da asuba take fita bakin hanya da goyo a baya, ta tsare mota, ta biya kuɗin zuwa da na dawowa, ta shiga kasuwar Maraɗi ta taɓa kayan da hannunta kafin ta kwance bakin zane. Direbobin hanyar Tasawa da na Gidan Rumji suna gaishe ka, Alhaji.